BAKIN DOKI AMANA NE: TUNATARWA KAFIN HAWAN SALLAH



Godiya ta tabbata ga Allah da ya hore mana dabbobi, muka hau wasu, muka ci wasu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, mun saba jin wa'azi a kan haƙƙin iyaye da na maƙwabci da na maraya. Yau ina so mu tsaya a kan haƙƙin dabbar da muke yi wa ado fiye da kowace dabba, muke kuma cutar da ita a wurin da ido ba ya kaiwa. Doki nake nufi, kuma cikin bakinsa nake nufi. Wanda ba shi da doki kada ya ce maganar ba tasa ba ce. In ba ka hawa, kana kallo. In ba ka kallo, ɗanka na cikin yaran da ke bin mahaya a guje ranar Sallah. Kuma sowarmu da guɗar matanmu su ne ke koya wa mahayi abin da ake so ya yi da linzami.

Ku tuna abin da ake gani kowace shekara a ƙofar fadar Damagaram, ko a Maraɗi da Tsibiri da Tasawa. Mahayi ya sako doki da sukuwa, ya zo gaban sarki ya zame shi, ƙura ta tashi. Doki ya ɗaga kai sama, ya wage baki, harshe ya fito gefe, kumfa na zuba a ƙirjinsa, wani lokaci kumfar ta yi ja-ja. Sai jama'a ta ce: kai, wannan doki akwai zafi! To, ga abin da likitocin dabbobi suka tabbatar, kuma kowa na iya lura da shi: doki ba ya numfashi ta baki. Ta hanci kaɗai Allah ya yi masa hanyar iska, ko yana tsaye ko yana gudu. Dokin da ya wage baki ba haki yake yi irin na kare ba, wani abu ne a cikin bakin yake neman kauce wa. Daɗin daɗawa, doki ba ya kuka in ya ji ciwo. Kare na yi, akuya na yi har unguwa ta ji, shi kuwa sai dai ya kaɗa kai, ya yi tirjiya, ya yi tutsu, ko ya yi taɓarya. Waɗannan su ne harshensa. Mu kuma muka raba su kashi biyu: wanda ya burge mu muka kira shi rawa, wanda ya ba mu haushi muka kira shi gardama, muka amsa masa da bulala.

Wanda bai taɓa leƙa bakin doki ba, bari in gaya masa inda linzami ke zama. Tsakanin haƙoran gaba da turame akwai giɓi, babu haƙori a wurin, ƙashin muƙamuƙi ne da ƴar fatar dasashi a kansa. Ka danna naka dasashin da farce ka ji. A nan ƙarfen ke kwanciya, a kan harshe da wannan ƙashi. Linzaminmu na gargajiya kuwa, wanda maƙeranmu suka gada, bai tsaya nan ba. Yana da wani harshen ƙarfe da ke tashi ya doki ganda in an ja igiya, yana da zobe da ke kewaye muƙamuƙin ƙasa ya matse shi. Ja kaɗan a hannu, matsa mai yawa a baki.

Adalci shi ne in ce kakanninmu ba don mugunta suka ƙera shi haka ba. Kayan yaƙi ne. A ƙarni na 19, zamanin Sarki Tanimun a Damagaram da zamanin da Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri ke kwana kan sirdi, barde na riƙe da mashi ko takobi a hannu guda, linzami a ɗayan, kuma ransa ya rataya ga dokin da zai tsaya ko ya juya da taɓi ɗaya. A hannun gwani irin wannan, igiyar a sake take yawancin lokaci, doki ya san aikinsa, ba a kai ga ƙarfen sai da larura. Yau yaƙin ya ƙare, linzamin na nan. Muka miƙa shi ga saurayin da ya yi hayar doki na yini ɗaya don hawan angwanci, wanda bai iya zama a sirdi ba, sai ya mai da igiyar linzami madogara, duk sanda ya yi tangaɗi bakin doki ne zai biya. Hausawa sun ce linzami ya fi ƙarfin bakin kaza. Wannan irin linzamin ya fi ƙarfin hannun ɗan koyo ma.

Kada wani ya ɗauka wannan magana ce ta Turawa da ta shigo jiya. Halifa Umar ɗan Abdul'aziz, Allah ya yi masa rahama, ya yi mulki daga shekara ta 99 zuwa ta 101 bayan Hijira, shekara biyu da ƴan watanni kacal, ƙasarsa kuwa ta taso daga Andalus har Kurasan. Duk da haka Ibnu Abdil Hakam, almajirin Imamu Malik, ya kawo a cikin tarihin da ya rubuta masa cewa ya aika wa mai kula da tashoshin dabbobin aike takarda, ya hana a sa wa dabba linzami mai nauyi, ya kuma hana a tsikare ta da bulalar da ke da ƙarfe a bakinta. Ya ma ƙayyade nauyin kayan da za a ɗora wa raƙuma a Masar. Ku yi tunani, ƴan'uwa. Shugaban Musulmin duniya ya ga nauyin linzami abu ne da za a tambaye shi a kansa, har ya ɗauki alƙalami. Mu da doki ɗaya ne ko biyu a turkenmu, wane uzuri ke gare mu?

Shi ma a gidan Annabta ya samo. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta hau wani raƙumi mai gardama, ta shiga jansa gaba da baya da ƙarfi. Manzon Allah (S.A.W) ya umarce ta da sassauci, kuma a wannan hadisin ne aka zo da bayanin nan da kowa ya haddace, cewa sassauci na ƙawata duk abin da ya shiga, rashinsa na munana shi. Muna jan wannan hadisi a kan zaman aure da tarbiyyar yara, daidai ne, amma mu tuna a kan riƙon akala aka faɗe shi. Ba kuma cewa ake yi jan linzami haramun ne ba. A hadisin Jabir mai tsawo na Hajjin Ban-kwana, lokacin gangarowa daga Arfa, Annabi (S.A.W) ya ja akalar taguwarsa Ƙaswa'u sosai yana kiran mutane ga natsuwa, amma duk sanda suka iso tudun yashi sai ya sassauta mata don ta hau. Ja don buƙata, sakewa da zarar buƙatar ta wuce. A Muwaɗɗa kuma an ga Manzo (S.A.W) yana share fuskar dokinsa da mayafinsa, da aka tambaye shi ya bayyana cewa an yi masa faɗa a daren a kan sha'anin dawaki.

Wani zai ce: ni dokina ban taɓa ganin jini a bakinsa ba. Ka leƙa ciki? A wani bincike da aka wallafa a shekara ta 2019, likitocin dabbobi a ƙasar Finlan sun duba bakin dawaki 261 bayan an gama tsere irin wanda doki ke jan ƴar keke. Kashi 84 cikin 100 na da sabon rauni a wuraren da linzami ke taɓawa. Waɗanda aka ga jini a wajen bakinsu kuwa kashi 2 ne kawai cikin 100. Can fa ƙasa ce mai likitoci da dokoki, kuma yawancin linzamansu ba su da harshen ƙarfe da zobe irin namu. Rashin ganin jini ba shaidar lafiya ba ne.

Yanzu mu zo ga haƙora, don nan ne jahilcinmu ya fi yawa, har ga masu son dawakinsu tsakani da Allah.

Ingarma da ya cika yana da haƙora 40 a galibi: 12 na gaba, fiƙoƙi 4, turame 24. Goɗiya yawanci 36, don ba kasafai take da fiƙa ba. Dillalai a kasuwa sun san na gaba sarai, da su ake gane shekaru a yanke farashi. Turamen da ke can ciki, waɗanda rayuwar dokin ta dogara da su, babu mai tambayar labarinsu. Haƙorin doki ba kamar namu ba ne da ke fitowa ya tsaya. Dogo ne, mafi yawansa na ɓoye cikin ƙashi, yana turowa kamar milimita 2 zuwa 3 a shekara, tauna kuma na cinye abin da ya fito. Muƙamuƙin sama ya fi na ƙasa faɗi, saboda haka turamen ba sa haɗuwa baki da baki. Gefen da bai samu gugar ɗan'uwansa ba sai ya yi kaifi: a sama ta wajen kunci, a ƙasa ta wajen harshe. Dokin da ke kiwo a fili yana iya kai awa 16 a yini yana tsinkar ciyawa, muƙamuƙinsa na lilo da faɗi, haƙoran na goge juna. Namu na gida da ake ji da shi, a turke yake, ana zuba masa gero da dawa da dusa. Taunar hatsi gajeriya ce, ba ta kai gefe, kaifin sai ya fi saurin fitowa. Wato gatan da muke yi masa na iya zama mafarin ciwonsa. Ka ɗora a kan wannan linzami da igiyoyin da ke danna kunci a kan haƙori mai kaifi, duk ja ɗaya yanka ɗaya.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura. Ka tsaya ka kalle shi yana cin abinci, ba ka zuba ka wuce ba. Yana karkata kai yana taunawa? Yana yasar da dunƙulen ciyawa da ya jiƙa da yawu? Hatsi na zuba daga bakinsa, ko kana ganin ƙwayar gero da dawa ɗungum a kashinsa, kaji na bi suna tsinta? Bakin na wari? Majina mai ɗoyi na fita ta hanci ɗaya kawai, abin da kan nuna tushen haƙori ya ruɓe? Yana ci amma yana ramewa? Kuma ku sani doki ba ya amai. Abincin da bai tauna da kyau ba na iya shaƙe shi, ko ya jawo masa ciwon cikin nan da ke kashe dawaki cikin dare ɗaya, a wayi gari ana cewa sammu ne ko kambun baka.

A nan fiƙihunmu na da magana. Shehu Halilu a Muhtasar ya tabbatar da cewa ciyar da dabba wajibi ne a kan mai ita in babu makiyaya, in ya ƙi a sayar da ita, kuma haka hukuncin yake in yana ɗora mata aikin da ba ta iyawa. A fahimtata, kuma Allah ne mafi sani, manufar ciyarwa ita ce abinci ya isa ciki ya yi amfani. Wanda ke tara harawa gaban dokin da ba ya iya taunawa, alhali ya ga alama kuma yana da ikon neman magani, bai gama sauke nauyin ba. Raƙumin nan na wani saurayi cikin Ansaru, da Abu Dawuda ya ruwaito labarinsa, wanda ya zubar da hawaye da ya ga Annabi (S.A.W), ƙararsa biyu ce: yunwa da wahalarwa. Dokin da haƙoransa suka hana shi ci, aka kuma hau shi da linzami a kan gyambo, ya haɗa duka biyun, ko da rumbun ubangijinsa cike yake.

Lokacin da ya fi kowane tsanani shi ne tsakanin shekara biyu da rabi da shekara biyar. A nan doki ke zubar da haƙoran nono 24 yana fitar da na girma, dasashi a kumbure, wani lokaci tsohon haƙori ya maƙale a kan sabo kamar hula. A daidai waɗannan shekarun ne kuwa muke fara sa masa linzami muna horonsa. Da yawa cikin dawakin da suka girma da sunan masu tutsu, a nan aka ɓata su. Wasu kuma na da wani ɗan mitsitsin haƙori a gaban turmin farko, yawanci a sama, Turawa na ce masa haƙorin kyarkeci. Ba kowanne ke cutarwa ba, amma in linzami na bugunsa likita kan cire shi. Likita na ce. Kada ka yarda wani ya zo maka da ƙarfe da guduma, don in tushen ya karye a ciki an ƙara ciwo a kan ciwo.

Akwai kuma kumburin ganda da ake gani bayan haƙoran gaba na sama, musamman ga matashin doki mai canjin haƙori. Akwai masu tsaga shi, akwai masu yi masa lalas da jan ƙarfe, wai shi ke hana cin abinci. A mafi yawan lokuta wannan kumburi ba cuta ba ne, da kansa yake saɓewa, kuma abin da ya hana cin yana can ciki ga turame. Manzon Allah (S.A.W) ya hana dukan fuska da yi mata tambari da wuta, ya kuma la'anci wanda ya yi wa wani jaki haka, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Jabir. Risala ta Ibnu Abi Zaid ma ta karhanta tambari a fuska. Na san lalas don magani yana da nasa hukuncin wurin malamai, amma sai in akwai cutar kuma ana tsammanin amfani. Ƙona gandar dabba a kan abin da ba cuta ba azaba ce kawai.

Na san abin da ke ran wasunku. Malam, mutane ma ba su ga likitan haƙori ba a ƙasar nan, sai doki? Gaskiya ne, akwai ƙauyukan da mai ciwon haƙori sai ya yi tafiyar yini. Talakan da dokinsa shi ne motarsa zuwa kasuwa, Allah ba zai kama shi da abin da ya fi ƙarfinsa ba, sai dai sassauta hannu ba a sayensa da kuɗi. Maganata ta fi karkata ga wanda zai zuba jika ɗari ko fiye a kan sirdi da jalala da likkafa da adon kai, ya ɗinka wa kansa babbar riga da rawani, sannan a ce ya kira likitan dabbobi sau ɗaya a shekara ya ce babu hali. Ado ba laifi ba ne, Suratun Nahli aya ta 8 ta ambaci hawa da ƙawa tare cikin ni'imar dawaki. Amma hadisin Abu Huraira a Buhari da Muslim ya kasa masu dawaki uku: wanda dokinsa lada ne gare shi, da wanda sutura ne gare shi saboda bai manta haƙƙin Allah a kansa ba, da wanda zunubi ne gare shi, kuma alfahari da riya na cikin abin da aka siffanta na ukun da su. Kowa ya san rukunin da yake, ba sai an nuna shi da yatsa ba.

Ko don kanmu ma ya kamata mu kula. Dokin da ciwo ya kai wa iyaka yakan daina jin linzami gaba ɗaya, ya ɗauki mahayi ya faɗa cikin taro, kuma waɗanda ke sahun gaba ranar hawa yara ne. Risala ta ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta da mai janta da mai korarta. Ran mutum ake magana, da diyya, da tsayuwa gaban Allah.

To me ake so mai doki ya yi? Da ka sauka, cire linzami kafin ka nemi ruwan shan kanka. Anas, Allah ya ƙara masa yarda, ya ce sahabbai in suka sauka a masauki ba sa yin nafila sai sun sauke wa dabbobi kaya, an kuma hana mai da bayan dabba mumbarin hira. Wannan ya shafi dawakin da ake tsayarwa awa uku ko huɗu a rana, ƙarfe a baki, ana jiran fitowar sarki ko ta ango. Ka duba ƙarfen ko akwai jini a kansa, ka wanke shi, ka bi shi da yatsa. Inda ya yi tsatsa, ko kaifi, ko tudun walda, ka mai da shi maƙera a goge ko ka sake wani. Kada ka bar shi a rana cikin bazara sannan ka cusa masa, ka fara ɗora shi a bayan hannunka ka ji. Kada ka ɗaure doki a itace da igiyar linzami, ragama aka yi don wannan. Ka ɗaga leɓe ka haska tocila, ka dubi kusurwar baki da giɓin nan da harshe, ka cire tsinke ko ƙarangiyar da ta maƙale. In ka ga rauni, ka wanke da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri, ka hutar da bakin har ya warke, ko da hawan bana zai wuce ka.

Amma kada ka zura hannu can ciki, turamen doki na iya niƙe yatsa. In kuwa ka ga ya fara dalala farat ɗaya, halinsa ya canza, ya kasa haɗiya, kada kowa ya taɓa bakin, don ciwon haukan kare na kama doki kuma ta yawu yake bi. A kira ma'aikacin kiwo.

Gyaran kaifin turame aikin likita ne: ya buɗe bakin da ƙarfen da aka yi don haka, ya goge kaifin da doguwar magagari, in ta kama ya yi allurar kwantarwa. Sau ɗaya a shekara ga babba, sau biyu ga mai canjin haƙori, kuma makonni kafin Sallah, ba ranar jajibiri ba. Tsohon da haƙoransa suka ƙare a jiƙa masa dusa, ai tsohon doki sai mai shi. In likitan garinku ba shi da kayan, ƙungiyoyin mahaya da ke iya tara kuɗin makaɗa da na anko suna iya haɗa kuɗin magagari ɗaya da za ta isa bargar gari duka.

Ga iyayenmu sarakuna, Allah ya ƙara musu lafiya, da shamakai da masu kula da barga: kalma ɗaya daga fada ta fi wa'azina dubu. In aka ce duk dokin da aka ga jini a bakinsa ya fita daga sahu, kuma ba a ba yaro ko ɗan haya linzamin yaƙi sai mai sauƙi, kafin Sallah biyu maƙera da kansu za su canja abin da suke ƙerawa.

Allah ne mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.